Wai Git yana riƙe rubuce-rubucen shafi ne ko kod kaɗai yake riƙewa?

Mai Shafi:
Slm yan uwa, don Allah ina neman shawara kafin kaina ya juye. Ni nake kula da shafin intanet na wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, WordPress ne, mu huɗu muke da damar shiga. Jiya da daddare ɗaya daga cikinmu ya shiga File Manager na cPanel, wurin da ake sarrafa fayilolin shafin kai tsaye, wai zai canza lambar wayar da ke ƙasan shafi, maimakon footer.php sai ya buɗe functions.php ya goge abin da bai san aikinsa ba ya adana, shikenan shafi ya koma fari fat sai layi ɗaya na Turanci yana cewa an samu matsala. Nace masa me ka goge, yace wlh shi ma bai tuna ba wasu alamomi ne kawai. Kwafin da nake da shi a laftof na azumin bara ne, folda ɗaya sunanta shafi_sabo_2 ɗaya kuma shafi_sabo_na_gaskiya, ni da na sa musu sunan ban san wacce ce ta ƙarshe ba. Sai wajen biyun dare na samu ya dawo. Wani yace in koyi Git. Tambayata ita ce shin zai riƙe min har labaran da muke sawa da hotuna, ko na masu rubuta manhaja ne kawai?

Injiniya:
Wslm. Sannu da jinya malam, duk wanda ya taɓa riƙe shafi ya yi irin wannan daren. Git aikinsa ɗaya ne, ka nuna masa folda, duk lokacin da ka yi gyara ka ce masa ya ɗauki hoton yadda fayilolin suke a wannan lokacin tare da sunanka da ranar da ɗan bayanin abin da ka yi, wannan shi ake cewa kwamit. Da a ce shafinka yana ciki jiya, git diff zai nuna maka layin da mutumin ya goge da jan rubutu, git restore functions.php kuma ya mayar da shi yadda yake, minti ɗaya ka koma barcinka. Kuma shi bai damu ko kod ne ko wasiƙar soyayya ba, indai fayil ne na rubutu zalla zai bi diddiginsa layi-layi.

Hajiyar Linux:
Injiniya ka faɗa masa rabin magana. Mai Shafi labaranku ba a fayil suke ba, WordPress a databes, wato rumbun bayanai, na MySQL yake zuba su, a tebur mai suna wp_posts. Ko ka sa folda gaba ɗaya a Git, in wani ya goge sanarwar taro ko ya ɓata labari Git bai ma san an yi ba. Abin da zai riƙe maka shi ne jigon shafin (fayilolin kamanninsa) da fulogin (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shafi) da kuka taɓa, wato abin da ke cikin wp-content. Matsalar jiya kam zai magance ta, amma kar ka tafi da tunanin ka samu bakof ɗin komai.

Sabon Shiga:
afuwan manya ni dai tambaya ta daban ce, Git da GitHub ba abu daya bane? ni kullum na dauka gajarta sunan akeyi

Injiniya:
Ba ɗaya ba ne ƙanena. Git manhaja ce da kake sawa a kwamfutarka, Linus Torvalds mai Linux ya rubuta ta a 2005 bayan sun samu saɓani da masu BitKeeper da suke amfani da shi a da, bayan ƴan watanni ya miƙa ragamar ga Junio Hamano wanda har yau shi ke riƙe da ita. GitHub kuwa kamfani ne da ya buɗe a 2008 yana ba mutane wurin ajiye rifo ɗinsu, wato foldar da Git ke bi tare da tarihinta, a intanet, Microsoft ta saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5. Akwai GitLab akwai Bitbucket, duk sana'a ɗaya. Za ka iya shekara kana Git baka taɓa buɗe GitHub ba, kuma ko babu data kwamit yana yiwuwa tunda tarihin duk a kwamfutarka yake, sai za ka tura ne kake buƙatar netiwok.

Sabon Shiga:
ngd oga yau na waye

Bazazzagi:
Ni fa shawarata ta fi ƙarfin faci. Mai Shafi tsakani da Allah shafin tsofaffin ɗalibai me yake yi da databes? Sanarwar taro, ta'aziyya, hotunan walima, jerin shugabanni, ai shikenan. Ka bar WordPress ka koma Hugo ko Jekyll. Kowane labari ya zama fayil ɗaya na Markdown, rubutu zalla, ka sa su duka a Git, kana turawa Cloudflare Pages ko Netlify su gina shafin da kansu su ɗora, ba kuɗin hostin, ba kod ɗin PHP balle wani ya goge alama shafi ya mutu, ba fulogin da zaka dinga sabuntawa kana addu'a. A nan ne amsar tambayarka take zama eh, labaran ma Git ne ke riƙe da su. Ni shekara ta uku kenan haka nake tafiyar da shafin wata makarantar Islamiyya, ranar da aka rubuta kuɗin makaranta ba daidai ba iyaye suka taso, git log na buɗe na ga wa ya canza da ranar da ya canza, magana ta mutu a nan.

Dan Fagge:
Toh fa an zo wajen, Bazazzagi da Hugo kamar mai tallan maganin gargajiya a tasha, ciwon kai Hugo ciwon ciki Hugo. Malam ka tambayi su waye sauran mutum ukun tukunna. Mutumin da ya kasa bambance footer da functions shi zaka ce ya buɗe baƙin allon rubuta umarni ya rubuta git pull? Ni na gwada wannan abin da wata ƴar jaridar intanet da na yi wa aiki, marubuta biyar, na zauna da su kwana biyu ina koyarwa har da shayi, sati bai cika ba biyu suka taɓa fayil ɗaya aka samu cin karo, ɗaya ya ga <<<<<<< da ======= a tsakiyar labarinsa ya kira ni wai an yi mana kutse. Ƙarshenta kowa ya koma turo min labari ta WhatsApp ni nake sawa, na zama masinja a aikin da aka ɗauke ni injiniya.

Bazazzagi:
Bakano ai matsalarku kenan gaggawa, komai so kuke a yi shi kamar cinikin Kwari. Wa ya ce ka ba marubuci baƙin allo? Akwai Decap CMS, wanda a da ake kira Netlify CMS, shafi ne mai akwatin rubutu da maɓallin wallafawa kamar na WordPress, marubuci yana dannawa shi kuma a bayan fage kwamit yake yi. Bai ma san da wani Git ba. Kai ne ka ɗora musu kayan da ba nasu ba.

Dan Fagge:
Naji, bawa ya yi magana. To wa zai haɗa Decap ɗin? Wa zai saita shigar mutane ta GitHub? Wa zai kwashe labaran shekaru daga WordPress ya mayar Markdown ya bi hotuna ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar adireshin tsofaffin labarai bai karye ba? Mai Shafi aikin sa kai yake yi ba albashi, kuma ran da ya gaji ya sauka wanda zai gaje shi a ƙungiyar zai fi sauƙin samun mai WordPress a kowace unguwa fiye da mai Hugo. Wannan ita ce maganar da ku masu son sabon abu ba kwa so a yi.

Hajiyar Linux:
A nan kam ina bayan Dan Fagge, duk da ba kullum ba. Kuma ku tuna WordPress yana da nasa tarihin gyara na labarai, ka buɗe labari ka duba Revisions za ka ga kowane gyara da wanda ya yi shi, ka ja ka koma na baya. Yawancin mutane basu taɓa danna wurin ba. Abin da zan yi in ni ce: jigo a Git, labarai a bar wa Revisions, databes kuma a dinga fitar da kwafinsa duk sati da mysqldump ko wp db export a ajiye wani wuri da ba sabar ba. Sannan babban abu, a karɓe cPanel daga hannun mutum ukun nan. A ba su matsayin Editor a cikin WordPress, su rubuta su wallafa, basu da hanyar zuwa fayil. Abin haushin ma da ta cikin WordPress ya yi gyaran, tun siga ta 4.9 editan yana duba ko gyaran zai kashe shafi ya ƙi adanawa, File Manager kuwa ba ruwansa.

Mai Shafi:
Hajiya wannan ta ƙarshen ita ce mai wuya, wanda ya yi ɓarnar sakataren ƙungiya ne kuma ya girme ni da aji uku, in nace ya bani makulli sai a kira taron gaggawa a kaina

Hajiyar Linux:
Ba sai ka ce ya baka ba. Canza kalmar sirrin ka ce masa an ƙara tsaro ne, ka buɗe masa nasa asusun mai sunansa har da hotonsa, zai ji daɗi ma.

Mai Data:
MTN Airtel Glo duk akwai cikin sauƙi, a tuntuɓe ni ta inbos

Admin:
Mai Data wannan gargaɗi na biyu ne, ranar Juma'a ake talla a nan. A ci gaba.

Basakkwace:
Ni abin da ni ka so in ƙara, tunda da Hausa kuka rubutu, ku kiyayi sa haruffa masu lanƙwasa ga sunan fayil. Na taɓa sa ma fayil suna ƙungiya.md, ina yin git status sai na ga "\306\231ungiya.md", na ɗauka fayil ya lalace har na goge shi na sake. Ashe lafiya lau yake, Git na ka nuna duk harafin da ba na Turanci ba da lambobi, sai ka ba shi git config core.quotepath false shi nuna ƙ ɗinka yadda take. Cikin rubutun kam ba matsala in dai UTF-8 aka adana, amma sunan fayil gara kungiya.md, don shi ka zama adireshin shafi kuma in an tura ma mutum ga WhatsApp sai ya koma %C6%99 wanga abu mai ban tsoro.

Bazazzagi:
Wannan gaskiya ne. Kuma in za a duba gyaran labari a yi git diff --word-diff, don sakin layi guda a Markdown Git layi ɗaya yake ɗaukarsa, ka gyara waƙafi ɗaya ya nuna maka duk sakin layin ya canza. Da word-diff kalmar kawai zai haska. Dan Fagge da ka san wannan da marubutanka basu gudu ba.

Dan Fagge:
Ba diff ne ya kore su ba, albashi ne

Injiniya:
Ni ina ganin ku biyun kuna jayayya ne kan abin da ba shi aka tambaya ba. Ba kowa ne sai ya iya Git ba, mutum ɗaya ko biyu da suke taɓa fayil su ne dole. Amma kuma Dan Fagge kar ka rage masa daraja, akwai abin da Revisions ba zai taɓa yi maka ba. Misali kuna son canza fasalin shafi gaba ɗaya kafin taron shekara, a Git sai ka buɗe reshe, wato kwafin aikin na gefe, ka yi ta ɓarna a can sati biyu, shafin da mutane ke gani yana nan yadda yake, ranar da ka gamsu ka haɗe. In bai yi ba ka jefar da reshen ba wanda ya sani. Kuma Revisions a cikin databes ɗin yake zaune, ran da databes ya tafi tare suke tafiya, shi kuwa rifo duk wanda ya janyo shi yana da cikakken tarihin a kwamfutarsa tun daga kwamit na farko. WordPress ɗin kansa ma ai da irin wannan tsarin ake rubuta shi, Subversion suke amfani da shi tun da daɗewa, har yau duk mai son sa fulogin a rumbunsu ta Subversion ɗin yake turawa.

Mai Shafi:
To na fara gwadawa tun ɗazu kuna ta fama. Na sauke public_html gaba ɗaya zuwa laftof, na yi git init, git add . , git commit, na buɗe rifo a GitHub. Da farko ya ƙi karɓar kalmar sirrina, yanzu kuma ya ci min data kusan rabin abin da na saya yana ta lodi sai a ƙarshe ya watso min jan rubutu wai wani fayil ya yi girma

Injiniya:
Na farkon, GitHub sun daina karɓar kalmar sirri wurin turawa tun Agustan 2021, sai token ko makullin SSH, inaga ka riga ka wuce nan tunda har ya fara lodi. Na biyun kuma basa karɓar fayil da ya haura 100MB, ina kyautata zaton bidiyo ne a wp-content/uploads.

Mai Shafi:
Bidiyon jawabin shugaba ne na taron bara, minti arba'in yana godiya

Hajiyar Linux:
Hahaha Allah ya ƙara wa shugaba lafiya. Uploads ba ya shiga Git malam, hotuna da bidiyo ba rubutu ba ne, ba ya iya nuna maka bambancinsu kuma duk sigar da ka taɓa sawa tana nan a tarihi tana kumbura rifo har abada. Ko ka goge bidiyon yanzu ka sake kwamit ba zai wuce ba tunda yana cikin kwamit na farko. Tunda kwamit ɗaya ne kacal, goge ɓoyayyar foldar .git ɗin ka fara daga farko, amma wannan karon ka fara rubuta fayil mai suna .gitignore ka sa wp-content/uploads a ciki kafin git add. Hotunan ka kwafe su a hard disk ko filash daban.

Sabon Shiga:
ni da waya kadai nake da ita zan iya koyo?

Basakkwace:
Awo, sa Termux ga Android, pkg install git, shina aiki sarai. Allon na da ƙanƙanta amma da shi na koya.

Mai Shafi:
Alhamdulillah ya tafi! Sakan kaɗan ma. Na sa adireshin rifo ɗin a sama ku duba min ko na yi daidai, Injiniya Hajiya Allah ya saka da alheri

Dan Fagge:
Innalillahi. Malam rifo ɗinka a buɗe yake kowa na gani, kuma ga wp-config.php nan zaune a ciki, ina kallon sunan databes da kalmar sirrinsa yanzu haka da idona. Goge adireshin nan daga guruf tukunna.

Admin:
Na cire saƙon.

Mai Shafi:
Subhanallah. Na goge fayil ɗin a GitHub yanzun nan, ya wadatar?

Hajiyar Linux:
Bai wadatar ba, kuma laifina ne da nace uploads kawai ban ambaci wp-config ba, ka yafe ni. Gogewar da ka yi sabon kwamit ne kawai, duk wanda ya danna tarihi zai ga tsohon da kalmar sirrin a ciki, abin da muke yabon Git da shi tun safe shi ne ya juyo kanka. Kuma akwai manhajojin da aikinsu kenan dare da rana, bin sababbin rifo na GitHub suna tsintar irin wannan, don haka ka ɗauka an riga an gani. Yi su a jere: shiga cPanel wurin MySQL Databases ka canza kalmar sirrin mai amfani da databes ɗin, ka sa sabuwar a wp-config.php na kan sabar nan take don shafi zai faɗi a tsakanin. Sannan layukan nan takwas na AUTH_KEY da ƴan uwansa ka canza su, WordPress suna da shafin da ke samar da sababbi, yin hakan zai fitar da duk wanda ke ciki sai ya sake shiga. Bayan nan ka goge rifo ɗin gaba ɗaya daga Settings, ka sake wani ka zaɓi Private, kyauta ne tun 2019.

Injiniya:
Kuma wannan karon kar ka yi git init a saman public_html. Shiga cikin foldar jigonku kaɗai, wp-content/themes/sunan jigon, nan ne kuke taɓawa. Fayilolin WordPress kansu ba naka ba ne, kullum za ka iya sake sauke su. Ka saba da yin git status ka karanta jerin kafin kowane kwamit, git add . ido rufe shi ya kai ka nan.

Bazazzagi:
Ba don in ce na faɗa ba, amma Hugo ba shi da wp-config

Dan Fagge:
Admin don Allah a ba Bazazzagi ranar Juma'a shi ma

Bazazzagi:
Wasa a gefe, Mai Shafi in ka natsu ka gwada shi a laftof ko da labarai goma ne, ba sai ka taɓa shafin gaske ba. In bai maka ba ka goge folda.

Mai Shafi:
Na canza ta databes, shafi ya faɗi kamar minti biyu ya dawo, na canza layuka takwas ɗin, na goge rifo na buɗe sabo Private da jigo kaɗai, fayil 41 ne. Na cPanel ma na canza tunda hannuna na wurin. Yanzu haka sakatare ya kira ni sau biyu wai an fitar da shi daga shafi kuma cPanel ya ƙi buɗewa, ban ɗaga ba tukunna. Hajiya me kika ce in faɗa masa ma?

Hajiyar Linux:
An ƙara tsaro. Kuma yau ko rantsuwa ka yi ba ka yi kaffara ba.

Mai Shafi:
Bari in yi sallah in kira shi. Injiniya gobe zan dawo da tambayar yadda gyaran da na yi a laftof zai dinga hawa sabar ba tare da File Manager ba, na ga wani abu Git Version Control a cPanel ban taɓa ba

Injiniya:
Shi ne, yana buƙatar fayil mai suna .cpanel.yml a cikin rifo da zai gaya masa inda zai kwafe fayilolin. Kar ka danna komai a wurin sai mun yi magana, kuma ka fitar da kwafin databes kafin ka kwanta.